Yaƙin wa ake yi? Matan Dagestan, 'yan Buryat da kakanninmu na Boma

Malamin Tarihi:
Slm jama'a, barkanmu da dare. Tun jiya nake son kawo wannan maganar data ta yanke min. Wani tsohon bidiyo na sake cin karo da shi, na 25 ga Satumba 2022, a Makhachkala babban birnin Dagestan cikin Rasha. Mata ne, mafi yawansu da ɗankwali kamar iyayenmu, sun yi wa ɗan sanda ƙawanya suna tambayarsa don me za a kwashe musu yara, wa ya fara kai wa wani hari. Kwana huɗu kenan da Putin ya ba da umarnin tara ƙarin soja 300,000 don yaƙin Yukren. A wani ƙauye Endirey mutane suka tare babbar hanya sai da 'yan sanda suka yi ta harbi sama. A ranar dai can Yakutsk, ƙasar mutanen Sakha inda sanyi ke daskarar da numfashi, mata suka zagaye 'yan sanda da rawarsu ta gargajiya ta da'ira suna waƙar a dawo musu da maza. Abin da ya ja hankalina shi ne waɗannan ƙananan ƙabilun ba cewa kawai suke ba sa son yaƙi ba, wasu cikinsu cewa suke su ma ƙarƙashin mulkin mallaka suke, Mosko ce mai mallakar. Mu kuma nan mun ɗauki Rasha a matsayin mai yaƙi da mulkin mallaka. To ya ke nan?

Ɗan Fagge:
Malam da girmanka wlh wannan farfagandar Turawan yamma ce. Rasha wace ƙasa ta taɓa mallaka a Afirka? ko ɗaya. Ingila da Faransa da Beljiyam su suka yanka mu kamar naman layya a Balin, yanzu kuma su ne za su koya mana waye ɗan mulkin mallaka hhhh

Malamin Tarihi:
Ɗan Fagge ban ce ta mallaki Afirka ba ai. Ita ba ta hau jirgin ruwa ba, da doki da ƙafa ta yi nata, maƙwabta ta yi ta haɗiya. Kazan garin Tatar musulmi ta ci shi da yaƙi a 1552, daga nan ta yi gabas har ta dangana da teku. Ko ka ɗauka tun fil azal ƙasar take da wannan faɗin?

Anti Dokta:
Bari in sa baki tunda a Kazan ɗin na yi karatu, shekara shida. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne in ka ce wa Batatare kai ɗan Rasha ne zai ce e fasfo ɗina na Rasha ne amma ni ba Barashe ba ne, a Rashanci ma kalma biyu ce daban, ɗaya ta ɗan ƙasa ɗaya ta ɗan ƙabila. Akwai wata yarinya da muka zauna ɗaki ɗaya 'yar Buryat ce, in kun gan ta sai ku rantse 'yar Mongoliya ce ko Sin, addinin Buddha suke, garinsu Ulan-Ude kusa da tafkin Baikal. Lokacin da ta je neman haya a Mosko ta nuna min tallan gidaje a wayarta, an rubuta ƙarara wai sai Silabawa kawai, wato fararen Rasha. Ta kira wani a waya ya ji Rashancinta tas ya ce ta zo, da ta je ya ga fuskarta sai ya ce an riga an kama ɗakin. Ni baƙa ce baƙuwa na san abin da na gani, amma ita fa ƙasarta ce, kakanta ya yi yaƙin Hitila. Ranar ta yi kuka sosai. So da aka ce za a je Yukren a kawar da 'yan Nazi, ban yi mamaki ba da 'yan Buryat na waje suka fito a bidiyo suna cewa a fara da na gida.

Maman Ikram:
Allah sarki. Anti to su waye ke jagorantar abin, ko kowa gaban kansa yake?

Anti Dokta:
Akwai ƙungiyoyi. Wadda ta fi suna ita ce Free Buryatia Foundation, an kafa ta Maris 2022, wata 'yar jarida Alexandra Garmazhapova ce a gaba. Aikin da suka fara ba zanga zanga ba ne ma, lauyoyi suka samo suna koya wa sojojin kwantiragi yadda za su rubuta takardar ajiye aiki bisa doka, don a lokacin tunda gwamnati ta ƙi kiransa yaƙi soja yana da damar cewa ya fasa. Uwa ko mata za ta turo saƙo, su tura mata samfurin takarda, ita kuma ta san yadda za ta kai wa ɗanta. Da yawa sun dawo gida ta haka. Umarnin Satumba ne ya toshe wannan ƙofar, kwantiragi ya zama ba ranar ƙarewa sai yaƙi ya ƙare. Daga nan sai suka koma taimaka wa masu gudu Mongoliya da Kazakistan. A 2023 gwamnati ta sa ƙungiyar cikin jerin waɗanda ba a so, ma'ana ko kuɗi ka tura musu ko ka yaɗa rubutunsu kana iya shiga uku. Bayan su akwai irinsu na Sakha, na Tuba, na Kalmik.

Ɗan Fagge:
Yawwa Anti kin zo wajen. Ita wannan matar a ina take zaune? ba a Rasha ba. Duk suna Turai da Amurka suna shan shayi suna zuga talakawa. Wa ke ba su kuɗi? Kuma ku duba, watan Yuni 2022 wani kwamitin gwamnatin Amurka mai suna Helsinki ya yi zama musamman a kan wai yadda za a raba Rasha da mulkin mallaka. Amurka fa! wadda ta ƙarar da jajayen Indiyawa ta ruguza Iraƙi da Libiya. Ba son Buryat suke ba, so suke a farfasa ƙasar su kwashi gas. Ko biri ya karye ya hau rumbu.

Malamin Tarihi:
Wannan zaman an yi shi, ban musa ba, kuma ni ma ban yarda don Allah suka yi ba. Amma don kura ta yi maka jaje ba shi ke nufin akuyarka ba ta ɓata ba. Matan Makhachkala ɗin nan Amurka ce ta biya su su fito a ja su a ƙasa? An kama sama da mutum ɗari ranar. Su kuma na wajen, in suka zauna a gida kurkuku ne, tun Maris 2022 akwai dokar da za ta iya ba ka har shekara 15 in ka faɗi abin da ya saɓa wa bayanin soja.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum, ku yi mini haƙuri in shigo. Mu nan Nijar wagga magana tana da nauyi. Mun kori sojan Faransa, na ƙarshe sun fita Disamba 2023, Afrilu 2024 sojan Rasha masu horaswa suka sauka Yamai, mutane suna murna. Ni ma na yi murna ba zan ɓoye ba, don wanda ya san abin da Faransa ta yi muna, shekara hamsin ana haƙar yuraniyom a Arlit ana kunna wuta a Faris mu muna sayen lantarki daga Najeriya, ba zai ga laifinmu ba. Amma da Anti ta yi magana sai na tuna wani abu da na karanta, wai Rasha da ke sayar wa duniya gas, garin Ulan-Ude babu bututun gas, gawayin kwal suke ƙonawa hayaƙi ya rufe gari da sanyi. Sakha kuma daga can ake tono mafi yawan lu'ulu'un Rasha. Na ce to wannan ai Arlit ce da ƙanƙara. Abin ya tsaya mini a rai gaskiya.

Ɗan Fagge:
Haba ɗan uwa, ko'ina akwai yankin da aka bari a baya. Neja Delta fa? kenan Najeriya ma 'yar mulkin mallaka ce?

Ɗan Maraɗi:
Ai Ken Saro-Wiwa kusan haka ya ce kafin a rataye shi 1995, sai ka tambayi Ogoni ba ni ba

Maman Ikram:
Hhhh Ɗan Maraɗi ka iya tsokana. Ni tambayata, da gaske ne an fi tura ƙananan ƙabilu su mutu ko dai faɗa ne kawai?

Anti Dokta:
Nan dole a yi adalci. In lissafin gawa ake, Rashawa 'yan ƙabila su suka fi yawa nesa ba kusa ba, don su ne kusan kashi 80 na ƙasar. Amma in aka auna da yawan mutanen kowane yanki, masu ƙirga sunayen matattu ɗaya bayan ɗaya kamar Mediazona da sashen Rashanci na BBC sun nuna Tuba da Buryatiya suna can sama, Mosko tana can ƙasa, tazarar ba kaɗan ba. Inda ake gardama shi ne dalili. Wasu masu bincike sun ce talauci ne ba ƙabila ba, don Barashe ɗan ƙauyen Buryatiya shi ma yana mutuwa kamar maƙwabcinsa, a Buryatiya ɗin ma 'yan Buryat kusan kashi 30 ne kawai. Wuri ne da ba aiki, barikin soja ko'ina, albashin yaƙi ya kai wajen rubul 200,000 a wata, ninki ninki na abin da malamin makaranta ke samu a can, ga bashin banki ya yi wa kowa katutu. Su kuma 'yan gwagwarmayar sai su ce to wa ya talauta yankin? Ni dai a ganina duk biyun gaskiya ne, ba za ka raba su ba.

Baba Alhaji na Zango:
Assalamu alaikum 'ya'yana. Ni ban cika rubutu ba jikana ke taya ni. Ina karanta ku tun ɗazu sai na tuna mahaifina Allah ya jiƙansa. Shi ɗan Boma ne, cikin sojan da Ingila ta kai ƙasar Boma a yaƙin duniya na biyu. An ɗauke shi yana saurayi, ba wai ya san Japan ba ko ya taɓa jin sunanta, sarki aka ce ya kawo mutum kaza, aka kawo. Runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta yamma, da Hausa ake ba su umarni har Turawan sai da suka koya. Yana ba mu labarin dajin Kaladan, ruwan sama ba dare ba rana, matsattsaku suna shiga cikin takalmi sai da wutar taba ake cire su, kaya a ka don mota ba ta shiga. Har ya rasu in aka yi tsawa sai ya zabura. Abin da ya fi faɗa shi ne, mun je mun ƙwato wa Bature ƙasar da ya ƙwace daga hannun wasu, daga wanda ya ƙwace masa. Da suka dawo alkawarin fansho da aiki shiru. Ranar 28 ga Fabrairu 1948 tsofaffin soja suka yi maci a Ankara babban birnin Gana za su kai kuka gidan gwamna, aka harbe uku, Saja Adjetey da Kofur Attipoe da Odartey Lamptey. Daga wannan harbin gari ya kama da wuta, shekara tara bayan nan Gana ta samu 'yanci. To in na ji an ɗauki yaro daga wani tsauni an kai shi ya kashe wanda bai sani ba don girman wata daula, ba sai an fassara mini ba.

Maman Ikram:
Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta. Wlh jikina ya yi sanyi.

Ɗan Maraɗi:
Amin Baba. Namu na Faransa ma haka, Thiaroye kusa da Dakar 1 ga Disamba 1944, sojan Afirka da suka dawo daga Turai sun nemi kuɗinsu aka buɗe musu wuta. Faransa ta ce 35, masana tarihi suna cewa ɗaruruwa. Sai 2024 Macron ya yarda kisan kiyashi ne, shekara 80.

Ɗan Fagge:
Allah ya jiƙan mahaifinka Baba, ban isa in yi jayayya da kai ba. Amma da bambanci. Kakanninmu ba 'yan Ingila ba ne, bayi aka mai da su. Su waɗannan 'yan ƙasa ne, suna da jamhuriyoyinsu da tutarsu da majalisa. Shoigu da ya yi ministan tsaro shekara sama da goma ɗan Tuba ne. Kadirov na Checheniya musulmi ne kuma yana gaba gaba a yaƙin. Putin da bakinsa ya fito ya ce shi ma Balake ne wato ɗan ƙabilar Lak, ɗan Dagestan ne, Bacecene ne, Batatare ne, don girmama wani soja musulmi da ya mutu. Yaushe Sarauniya ta taɓa cewa ita Bahaushiya ce?

Malamin Tarihi:
Ka kawo hujja mai kyau, amma Lugga ma ai ya bar mana sarakunanmu da algaita da tambari da kotun alƙali, har lambar girma ana ba su. Tuta ba ita ce magana ba, wa ke da ta cewa. A 2018 aka yi doka koyon harshen gida a makarantun jamhuriyoyin ya zama ganin dama, Rashanci kuwa dole. Satumba 2019 wani dattijo malami Albert Razin ya cinna wa kansa wuta a gaban majalisa a Izhevsk saboda harshensu na Udmurt yana mutuwa. Tatarstan da take da shugaba mai sunan shugaban ƙasa an hana, tun 2023 Rais ake ce masa. Checheniya kuwa, ka nemi hoton babban birninta Grozny na shekarar 2000 ka gani kafin ka ce min Kadirov. Kuma kafin nan, 23 ga Fabrairu 1944 Stalin ya sa aka loda Cecen da Ingush kaf ɗinsu a taragon dabbobi zuwa tsakiyar Asiya, Kalmik an riga an kwashe su Disamba 1943, Tatar na Kirimiya Mayu 1944, dubbai sun mutu a hanya da shekarun farko. Imam Shamil na Dagestan, ɗan ɗariƙar Naƙshabandiyya, shekara 25 yana yaƙar sojan sarkin Rasha har ya miƙa wuya 1859, a Madina ya rasu 1871 yana Baƙi'a. In muna kuka da Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi 1903 ban ga yadda za mu ce Shamil bai ga mulkin mallaka ba. Af, kuma Cecen ɗin ma akwai bataliyoyinsu a ɓangaren Yukren, ɗaya sunan Dudayev ɗaya Shehu Mansur, ɗan uwa na harbin ɗan uwa.

Ɗan Fagge:
To naji. Amma ku amsa min wannan tsakani da Allah. In kun goyi bayan a raba Rasha kowace ƙabila ta kama gabanta, me zai hana ku goyi bayan Biyafara? Kuma kar ku manta lokacin yaƙin basasa Sobiyet ce ta ba Gowon jiragen MiG, ita ta gina Ajaokuta, ita ta horar da ANC lokacin da Amurka ke kiran Mandela ɗan ta'adda.

Anti Dokta:
Sobiyet ɗin har da Yukren a ciki fa ƙanina, wasu mayaƙan ANC a Odesa aka horar da su. Batun rabuwa kuma su kansu ba bakinsu ɗaya ba. Free Buryatia abin da ta fi nema shi ne tarayya ta gaske, yanki ya riƙe wani abu na arzikinsa ya zaɓi gwamnansa ya koyar da yarensa, irin maganar da ake yi a nan ta sake fasalin ƙasa. Akwai wasu kuma masu cewa sai ɓallewa, suna taro a Turai suna zana taswirar ƙasashe talatin da wani abu, su kam ni kaina ina ganin mafarki ne, don a da yawa daga cikin jamhuriyoyin ma 'yan asalin ba su ne masu rinjaye ba, kuma ban san wa ya aike su ba. Gwamnati dai ba ta bambance ba, a 2024 kotun ƙoli ta haramta wani abu wai ƙungiyar 'yan aware masu ƙin Rasha, ƙungiyar da ba ta da ofis ba ta da shugaba, sai aka zuba ƙungiyoyi 55 a ƙarƙashinta har da na masu kare makiyayan barewar ƙanƙara a arewa.

Maman Ikram:
Ni abin da ya fi ba ni tausayi, ko ta ina ba su tsira ba kenan

Anti Dokta:
Wlh kuwa. A Yukren farkon yaƙi duk ta'asar da aka yi sai a ce 'yan Buryat ne, don fuskarsu ce ake ganewa a cikin soja. Har Fafaroma Francis a Nuwamba 2022 ya ce wai mafiya rashin imani a sojan Rasha su ne Cecen da Buryat, masu adawa da yaƙin su suka fi jin zafin maganar, suka ce ga shi an wanke mai ba da umarni an ɗora wa ɗan aike. Wasu 'yan adawar Mosko ma in aka ce mulkin mallaka sai su ɓata rai su ce ba yanzu ba, a bari a gama da Putin tukuna.

Malamin Tarihi:
Kuma ba duka ke waje ba Ɗan Fagge. Fail Alsynov ɗan Bashkir yana cikin gida, shi ne cikin waɗanda suka hana a fasa dutsen Kushtau a 2020, ya rubuta cewa wannan ba yaƙinsu ba ne aka ci shi tara, daga baya aka kama shi da wata kalma da ya faɗa da yarensu a taron hana haƙar zinariya, aka fassara ta yadda ake so. Janairu 2024 aka ba shi shekara 4 a Baymak, dubban mutane suka tsaya gaban kotu cikin sanyin da ya wuce 20 ƙasa da sifili suna jifan 'yan kwantar da tarzoma da curin ƙanƙara. Wannan wa ya ba shi shayi a Turai?

Ɗan Fagge:
Shi wannan ban san shi ba gsky, zan bincika. Amma har yanzu ina nan kan bakata, in aka ce in zaɓa tsakanin NATO da Rasha na san inda zan tsaya. Kun ga Gaza ai.

Ɗan Maraɗi:
Wa ya ce sai ka zaɓa? Muhammad Ali da ya ƙi zuwa Biyetnam 1967 ba Sobiyet ya koma ba, zuwa ne kawai ya ce ba ya yi, aka ƙwace kambunsa.

Maman Ikram:
Ɗan Fagge kai dai faɗi gaskiya, kana cikin masu ɗaga tutar Rasha a Kano watan Agusta 2024 ko? har teloli aka kama saboda ku

Ɗan Fagge:
Hhhh Maman Ikram rufa min asiri, ni ranar ina shago. Yunwa ce ta sa yara suka ɗaga ba wai sun san Rasha ba, rabinsu ba za su nuna ta a taswira ba

Baba Alhaji na Zango:
Mahaifina ma bai san Boma a taswira ba ɗana.

Admin:
Jama'a sha biyu ta wuce, masu tashi asuba na ƙorafi. Anti Dokta wani ya tambaya ta bayan fage wai ita ƙawar taki 'yar Buryat tana ina yanzu.

Anti Dokta:
Tana Ulan Bato babban birnin Mongoliya tun ƙarshen 2022 ita da ƙaninta, shi aka kawo wa takardar kira da tsakar dare ta sa shi a mota suka kwana biyu a layin boda. Babarsu ta ƙi tashi, tana can da shanunta. Jiya ma mun yi waya, tana neman aikin asibiti amma sai ta ci jarrabawar Mongolanci tukuna, nata yaren na Buryat da ya yi kama da shi ba ta iya sosai ba, a makaranta ba a koya musu ba.